Za a rushe tsohuwar gadarmu a gina sabuwa, ya za mu yi da ruwan rafin?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin hanya da gada, ko wanda aka taɓa yin irin wannan aikin a garinsu.

Mu wani ƙauye ne a ɓangaren Birnin Kudu, akwai rafi da ya ratsa ta gabas da gari, gadar da ke kansa tsohuwa ce sosai tun muna yara muka taso muka ganta, to ambaliyar 2022 ta cinye ƙarƙashin ƙafarta ɗaya, tun daga nan babbar mota ba ta hawa sai mashin da amalanke, ƙananan motoci ma sai an sauke fasinja sun taka da ƙafa. Yanzu alhamdulillahi an ba da kwangila za a rushe ta a yi sabuwa, har sun kafa allo sun fara jibge tsakuwa da rodi, an ce da an gama girbi ruwa ya ja baya za su shigo da katafila.

Kowa murna yake, nima haka. Amma abin da ke damuna shi ne ruwan nan. Rafin namu ba ya ƙafewa gaba ɗaya, da rani yakan rage siriri yana bin gefe, sannan akwai wani gurbi mai zurfi daidai ƙasan gadar wanda ko a watan Afrilu ba ya bushewa. Daga gadar zuwa ƙasa akwai mu masu noman rani, albasa da tumatir da attaruhu, duk da shi muke ban ruwa, akwai mashayar da Fulanin rugagen yamma suke kawo shanu, mata suna wanki a nan, kuma maganar gaskiya idan famfon tuƙa-tuƙan unguwar ƙasa ya lalace to ramuka ake tonawa a cikin yashin rafin a ɗebi na sha. Akwai kuma wani ƙauyen a ƙasa da mu da su kam kusan rafin ne kaɗai abin dogaronsu.

Na ga yadda aka yi wata kwalbati a hanyar da nake bi zuwa kasuwa, ruwan wurin ya koma ja jawur kamar koko har aka gama aikin, kuma da suka tafi sun bar ɓaraguzai da buhunan siminti a cikin ƙoramar. Ba na so a yi mana haka. Tambayata ita ce, me da me ya kamata mu roƙa a yi tun kafin a fara, kuma wa za mu samu da maganar, ɗan kwangila ko ma'aikata ko wa? Mai unguwa ya ce in na samo bayani mai ma'ana zai kai wa dagaci. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Hanya:

Wa alaikumus salam Malam. Ka yi tambayar a kan gaɓa, don wannan magana ce ta tun ran gini tun ran zane, in katafila ta riga ta shiga ruwa to sai dai a yi ta rigima. Na yi aikin gada da kwalbati a Kano da Jigawa, zan faɗa maka abin da na sani.

Lokacin da suka zaɓa ya yi, bayan girbi zuwa kafin saukar ruwa shi ne lokacin aikin cikin rafi. Abin da za ku riƙe shi ne duk wani aikin da ake yi a cikin ruwa, tono da zuba ginshiƙi da kwashe tsohuwar gada, a gama shi kafin watan Yuni. Aikin sama ko da damina ana iya ci gaba da shi.

Laka ita ce babbar matsala kuma ita ce aka fi rainawa. Ka'ida ita ce ba a tono a cikin ruwa mai gudu. Ana datse wurin da za a yi aikin da buhunan yashi a shimfiɗa musu leda mai kauri, a bar wa ruwa hanya ta ɗaya gefen ya wuce abinsa bai taɓa ƙasar da aka tona ba, in an gama wannan ɓarin sai a juya a datse ɗayan. Ka lura na ce buhunan yashi, don abin da wasu ke yi don sauƙi shi ne tifa ta zo ta juye jar ƙasa a cikin rafi a ce an yi datsiya, wannan kullum ruwa zai yi ta lasarta yana kai muku. Sannan ramin ginshiƙi dole zai yi ta tsatso da ruwa, za su sa inji suna zuƙewa dare da rana, to wannan ruwan laka ne zalla, kada a yarda a miƙa bakin mesar kai tsaye cikin rafi. A haƙa rami a kan tudu can gefe, ko biyu ma ɗaya na zuba wa ɗaya, ruwan ya tsaya lakar ta kwanta sannan na saman ya gangara ta cikin ciyawa ya koma. Wannan aikin awa kaɗan ne ga katafila, ba wani kuɗi ba ne. Ƙasar da aka tono kuma kada a tara ta a bakin gaɓa, a kai ta nesa inda ko an yi ruwan bazata ba za ta zubo ba.

Sai siminti, shi ne wanda ya fi ba ni tsoro don ba a ganin illarsa da ido sai kifi ya fara tasowa. Ka dubi hannun leburan da ke kwaɓa kankare ba safa, yadda yake tsattsagewa, to wannan kaifin ne ke shiga ruwa. A ma'aunin da ake kira pH ruwan rafi mai lafiya yana wajen 6.5 zuwa 8.5, ruwan da aka wanke injin kwaɓa kankare da shi yana kaiwa 12, kuma ma'aunin nan duk hawa ɗaya ninki goma ne. Da ruwa ya wuce 9 a ma'aunin nan kifi ya fara wahala. Kuma al'adar leburori ce da yamma in an tashi a gangara rafi a wanke shebur da baro da kwanon ɗaukar kankare, direban motar kankare ma ya juya baya ya wanke tulunsa a wurin. Wannan shi za ku hana da babbar murya. A yi rami na musamman nesa da ruwa a shimfiɗa leda, duk wankin a can, in ya bushe ya daskare a fasa a kwashe. Kankaren da aka zuba a ginshiƙi kuma a bari ya kama sosai kafin a buɗe datsiya ruwa ya taɓa shi.

Mai kuma, gas da baƙin mai da man haidirolik. Kaɗan ne yake shimfiɗuwa ya rufe fuskar ruwa mai faɗi, kuma a ƙasa mai yashi irin ta fadama yana nutsewa ya sami rijiyoyin ban ruwa don ba su da zurfi. Abin da aka saba shi ne wurin ajiye durom na mai da wurin zuba wa injina da wurin juye baƙin mai su kasance aƙalla mita 30 daga ruwa, in an samu fili a ƙara, a daɓe wurin ko a sa tamfol a yi masa ɗan kewaye. Janareta da injin zuƙar ruwa da dole sai sun zauna kusa da rafi a sa musu rabin durom a ƙasa yana tarar ɗigo. A ajiye yashi ko garin katako na tsane mai in ya zube. Katafilar da ke yoyo ba ta shiga rafi sai an gyara ta, kuma ba a wanke tifa a rafi.

Hanyar ratse da za su yi muku kafin a gama gadar, ita ma ku sa ido. Yawanci ring, wato manyan bututun kankare da ruwa ke bi ta ciki, ake jerawa a zuba burji a kai. In ring ɗin sun yi kaɗan ko ƙanana, ruwan farko na damina zai tafi da hanyar gaba ɗaya, tifa nawa ce ta jar ƙasa, duk a cikin rafinku da gonakin ƙasa za ta kwanta. A jera dutse a fuskokinta biyu, kuma da an buɗe sabuwar gada a kwashe ta tas kafin ruwa ya zo.

Batun wa za ku gani, je ka karanta allon nan da suka kafa, za ka ga sunan ma'aikatar da ta ba da aikin da ɗan kwangila, sau da yawa da kamfanin da ke sa ido. Wanda kuke buƙata shi ne injiniya mai sa ido, don sai ya sa hannu ake biyan ɗan kwangila. Foman ba shi da ikon canza komai. Ƙasar nan tana da dokar duba tasirin ayyuka a kan muhalli tun 1992, akwai kuma hukumar NESREA ta tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, ga ma'aikatar muhalli ta jiha a Dutse. Ƙaramar gada ba lallai a yi mata babban bincike irin na madatsar ruwa ba, amma kusan duk takardar kwangilar hanya tana da sashen da ya ɗora wa ɗan kwangila kiyaye ruwa da share wuri bayan aiki, in kuma kuɗin Bankin Duniya ne to dole akwai rubutaccen tsarin kula da muhalli da hanyar kai koke. Ku tambaya a nuna muku. Ku rubuta buƙatunku a takarda ɗaya, dagaci ya sa hannu ya buga hatimi, a kai kwafi ga hakimi da ƙaramar hukuma da injiniyan, ku riƙe naku.

Sabon Jini:

Ni dai gaskiya ina ganin kuyi a hankali da wannan maganar. Shekara nawa mutane suna rokon gadar nan, mata masu nakuda ana daukarsu a mashin ana zagaye, kayan gwari suna rubewa saboda babbar mota bata shigowa, yanzu Allah ya kawo an zo za'a yi kuma ku fara kai takardu ofis ofis, wlh dan kwangila yana iya cewa mutanen gari sun hanashi aiki ya kwashe kayansa ya tafi kuma kun san in aka tafi dawowa sai wani ikon Allah. Kuma ai duk damina ruwan nan ja yake zuwa da laka ba wanda ya mutu, meye bambancin ta katafila da ta ruwan sama? Wata hudu ne ko biyar ayi hakuri a daure, in damina tazo zata wanke komai. Ba wai ina raina maganar injiniya bane, siminti da mai na yarda, amma batun laka inaga an zurfafa da yawa.

Jikan Sarkin Ruwa:

Ɗan uwa Sabon Jini, tsoronka na a gudu a bar aiki gaskiya ne, ba wanda zai ce a tsaya a gaban katafila. Amma maganar laka bari in ba ka amsa don mu gidanmu su muka gada, ni daga yankin Auyo nake.

Lakar damina da ta rani ba ɗaya ba ce. Da damina ruwa yana da yawa yana da ƙarfi, yana ɗaukar lakarsa ya wuce da ita ya baza a fadama, kifi kuma yana da wurin gudu, ya shiga ciyawa ya shiga ƙananan ƙoramu. Da rani ruwa ɗan kaɗan ne kuma a kwance yake, duk kifin rafin ya tattaru a gurabe masu zurfi irin wanda Malam Ɗan Fadama ya ce yana ƙasan gadarsu, ba shi da inda za shi. In ka zuba masa laka kullum har wata huɗu, tana toshe masa inda yake shaƙar iska, tana rufe yashin da ƙarfasa ke share gurbin ƙwai, ƙananan ƙwarin da yake ci su mutu. Tarwaɗa tana da juriya don tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, amma ƙarfasa da kawara da ƙananan kifi su ne ke fara juya ciki. Kuma kifin da ya kwana rani a gurbin nan shi ne iri, shi zai hayayyafa in ruwa ya sauko. In ya ƙare to ba na bana kaɗai aka rasa ba.

Mu nan mun san abin da laka ke yi wa hanyar ruwa. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canza, inda ruwa ya rage gudu laka ta kwanta sai ciyawar kacala ta kama, yau ga ta nan ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, ana ta fama da ita da hannu da inji. Rafinku ƙarami ne ba za a haɗa ba, amma in gurbi ya cike ya zama ruwa mai tsayuwa marar zurfi to ciyawa ce za ta gaje shi.

Shawarata Malam, ku sa sarkin ruwanku ko dattijon masunta a cikin masu zuwa wajen injiniya. In gurbin nan yana cikin inda za a datse a zuƙe, a ba masunta rana guda kafin a kunna inji su ja taru su kwashe kifin da ransa a mayar da shi gurbin sama da gada, ba a bar yara su wawashe ba. Sannan ku gaya wa Fulanin nan tun yanzu ta bakin arɗo, a nema musu mashaya ta sama da wurin aiki a share musu hanya ba ta cikin gonar kowa ba, don in suka zo suka tarar da mashayarsu ta ɓaci za su nemi wata da kansu, daga nan ake samun ɓarna da faɗa.

Maman Khairat:

Slm, sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara a Kano, kuma na ga duk maganar ta tafi kan kifi da gona, to bari in yi ta mata da yara don su ne ke shiga ruwan nan kullum.

Abin da ba a ambata ba shi ne bayan gida. Aikin gada yana tara maza da yawa, wasu a nan za su kwana wata da watanni, in ba a haƙa musu masai ba to bakin rafi za su dinga zagawa, kuma ku kuna ƙasa da su kuna tona yashi kuna ɗiban na sha. Ta haka amai da gudawa da taifot ke shiga gari. Dan Allah a cikin takardar nan ku sa masai a sahun farko, a yi shi nesa da rafi da kowace rijiya aƙalla mita 30, kuma ba ta inda ruwa ke gangarowa ba. Mai sayar musu da abinci ma a yi mata ramin zuba shara da ruwan wanke-wanke.

Na biyu, ku roƙi a gyara famfon unguwar ƙasa kafin a fara aiki, shi da na ƙauyen da ke ƙasanku in suna da shi. Ɗan kwangila ai dole zai nemi ruwan kwaɓa kankare mai tsabta, da yawansu burtsatse suke haƙawa, to a roƙa ya haƙa ta kusa da gari inda in ya tafi za ta zama ta jama'a. Wannan in an yi magana da girmamawa sau da yawa ana samu.

Ga mata kuma a sanar a masallaci da gidajen suna. Alif da ake sawa ruwa ya kwanta, ko garin ƙwallon zogale, laka suke kwantarwa, ruwa ya yi garau amma ba duk ƙwayar cuta ke fita ba. Sai an bari ya kwanta an tsiyaye sannan a tafasa, ko a sa maganin kulorin a jira minti 30, kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka shi ya sa ake fara tacewa. Amma ruwan da ke warin gas ko aka ga maiƙo mai launi yana yawo a samansa, wannan tafasawa ba ta gyara shi, a bar shi kawai, ko dabba kada a ba. In aka ga ruwa ya yi fari-fari ranar da ake zuba kankare a hana yara wanka, yana ƙona fata da ido, in ya shiga idon yaro a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta da yawa a kawo shi asibiti.

Sai wanda yake ci min rai sosai, ramin da ake ɗiban burji. Suna haƙa ƙaton rami a gefen gari su tafi su bar shi, damina ta cika shi ya zama kududdufi mai miƙaƙƙen gefe, yara su je wanka su faɗa inda ba sa iya fita. Ko ba a nutse ba, ruwa ne mai tsayuwa, sauro zai yi gida, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ma zai samu wuri, kuma mu da muke kusa da wuraren noman rani na Kura da Kadawa mun san fitsarin jini a jikin yara maza ba labari ba ne. A sa a takarda cewa ramin za a kwantar da gefensa ko a cike shi kafin su kwashe injina. Kuma dan Allah in za ku zauna ku sa mace ko ɗaya a cikin masu sa ido, ita ce take zuwa rafi da sassafe, ita za ta fara ganin ruwa ya canza.

Almajirin Malam:

Allah ya saka wa kowa. Ƙari kaɗan ta fuskar addini, don in limami ya faɗa a huɗuba leburori sun fi ji. Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanya da inuwa. A fiƙihunmu na Malikiyya ma, ruwan da ƙasar wurinsa ta canza masa launi ana alwala da shi, amma wanda wani abu na daban kamar mai ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi to ba a ibada da shi. Manoma da makiyaya a rafin nan suke alwalar azahar da la'asar. Yawancin leburorin da za a ɗauka yaran garinku ne, a tara su a gaya musu tun kafin su fara.

Ɗan Fadama:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta wa mai unguwa duka jiya bayan isha'i, har da maganar Sabon Jini, kuma ya ce shi ma tsoronsa kenan, don haka ba za mu je da sigar ƙara ba, dagaci zai gayyaci injiniyan da ɗan kwangila gaisuwa ne a fada a yi musu maraba sannan a miƙa takardar. Hajiya Maman Khairat maganar masai da ramin burji wallahi ko kaɗan ba su zo mana a rai ba, an sa su, kuma ungozomar garinmu ta yarda za ta shiga cikin masu sa ido. An aika wa arɗo da mutanen ƙauyen ƙasa.

Ranka ya daɗe Injiniya saura abu biyu. Ita tsohuwar gadar in za a fasa ta ai dole ta faɗa cikin ruwa, ya ake yi? Sannan in mun ga ruwa ya ɓaci, da me za mu nuna cewa daga aikin ne, tunda mu ba mu da na'urar gwaji?

Injiniyan Hanya:

Tsarin da kuka ɗauko ya yi daidai, kuma Sabon Jini ya kwantar da hankalinsa, duk abin da aka lissafa a nan babu wanda zai ƙara wa aiki mako guda, buhu ne da leda da ramuka, abin da ke sa ɗan kwangila ya gudu rashin biya ne ba wannan ba.

Tsohuwar gada ba a tsayawa a sama a yi ta dukanta tana zuba a ruwa. Ɓarin da aka datse ya bushe shi ake fara fasawa, a shimfiɗa yashi ko tamfol a ƙasa ya tari gutsattsarin, a kwashe a ranar, sannan a juya ruwa a yi ɗayan ɓarin. Ƙurar fasasshen kankare ma tana da wannan kaifin na siminti. Tsofaffin ƙafafun a sare su har ƙasa da yashin rafi, kada a bar rodi a tsaye a cikin ruwa don yana yanka ƙafar yara da shanu yana yaga taru, kuma yana tare itace da shara da damina. Manyan ɓaraguzan in an cire musu rodi suna da amfani, ku roƙa a cike muku wani kwazazzabo da su can nesa da ruwa.

Batun shaida, ku samo robobin ruwa farare masu tsabta. Tun yanzu kafin a fara ku ɗebi ruwa a sama da gada da ƙasa da ita, ku jera ku ɗauki hoto da waya mai nuna kwanan wata, ku ɗauki hoton gurbin da mashayar da gaɓar duka biyu. In aiki ya kankama a dinga yin haka a wurare biyun nan a lokaci guda, musamman ranar tono da ranar zuba kankare. In na sama garau ne na ƙasa ja, ba mai musu. Akwai kuma 'yar takardar gwajin pH da ake samu a shagunan kayan gwaji na asibiti da makarantu a Kano, ba ta da tsada, ana tsoma ta ta canza launi, malamin kimiyya na sakandaren da ke kusa da ku zai nuna muku yadda ake karantawa. In kun ga matsala ku kira injiniya mai sa ido a ranar, kada a tara sai an yi wata.

Sannan ku sani ba a biyan ɗan kwangila kuɗinsa duka ranar da ya gama, akan riƙe wani kaso, yawanci kashi 5 cikin 100, har sai an ga aikin ya zauna. Don haka kafin a zo karɓar aiki ku zagaya da injiniyan ƙafa da ƙafa, datsiya an cire, hanyar ratse an kwashe, ramin wankin siminti da wurin mai an kankare an tafi da ƙasar, ramin burji an gyara, gaɓar da katafila ta ƙwaƙule an jera mata dutse. Inda ba a sa dutse ba ku da kanku ku dasa jema ko gamba da ruwan farko, saiwarsu na riƙe ƙasa. Duk abin da ya rage a rubuta shi a takardar karɓar aikin kafin dagaci ya sa hannu a kan komai.